Hoton CT Ya Fito Yashi-Yashi: Yadda Ake Bin Fayil ɗin DICOM Bayit-Bayit

Duk wanda aka taɓa yi wa hoton CT ko MRI ya san faifan CD ɗin nan da ake haɗa shi da shi ya kai wa likita. A cikinsa fayiloli ne ɗaruruwa, wasu ko wutsiyar suna ba su da ita. Muddin manhajar da ke kan faifan ce za ta buɗe maka, babu wata damuwa. Rigimar tana tasowa ne ranar da ka ce kai da kanka za ka karanto lambobin, ko don aikin kammala karatu, ko don wata manhaja da kake ginawa. Ranar da na fara gwadawa, abin da ya fito mini tamkar talabijin ɗin da iska ta juya wa eriya: ga inuwar ƙirji ana hangowa, amma ko'ina yashi-yashi. Kwana biyu ina ɗora wa faifan laifi. Ashe faifai lafiyarsa ƙalau, ni ne nake kamo kowace lamba ta wutsiya.

Abin da na koya daga nan shi ne, fayil ɗin ba ya ɓoye komai. Tun kafin ka isa inda hoton yake, ya riga ya faɗa maka yadda za ka karanta shi. Aikinka kawai ka saurara, ka bar kintace.

Tsarin da ake ajiye waɗannan fayiloli a kai, wanda ake kira DICOM, ya samo asali ne daga haɗin gwiwar ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, ACR, da ta masu ƙera kayan lantarki, NEMA. Sun fitar da bugu na farko a 1985, na biyu a 1988, sannan a 1993 aka sa masa sunan da yake amsawa yau. Kundin yana da kashi-kashi, amma biyu ne suka shafe mu: kashi na 5, mai bayanin yadda ake jera bayanai, da kashi na 10, mai bayanin siffar fayil.

Ka tanadi abu uku: manhajar da ke nuna ɗanyen bayit (ƙwayoyin bayanan da fayil ya ƙunsa) a lambobin heks, wato ƙirgen sha shida-sha shida, irin su xxd, sai dcmdump na cikin tarin manhajojin DCMTK, wanda cibiyar OFFIS ta birnin Oldenburg a Jamus ke kula da shi, sai Python da NumPy. A kan kwafi za ka yi aiki, ba a kan asali ba. Kuma ka tuna sunan mara lafiya da ranar haihuwarsa suna cikin fayil ɗin. Amana ce, kada ka tura wa kowa sai ka goge su.

Mataki na 1: Ka tabbatar da abin da ke hannunka

Bayit 128 na farko shimfiɗa ce kawai, yawanci sifili ne zalla. Ka tsallake su. Nan take za ka ga 44 49 43 4D, wato haruffan DICM. Daga nan sai rukuni na 0002, wanda shi ne katin shaidar fayil ɗin. Wannan rukunin hanya ɗaya tak ake rubuta shi, ko wace na'ura ce ta haifi fayil ɗin, domin kowa ya iya karanta shi ba tare da ya tambayi kowa ba.

Za ka iya cin karo da tsohon fayil da ba shi da shimfiɗar, ba shi da DICM ɗin. Mu ajiye shi tukuna, za mu dawo kansa.

Mataki na 2: Wane ne a gaba, babba ko ƙarami?

Nan ne cibiyar maganar, saboda haka bari mu ɗan zauna.

Bahaushe in zai faɗi 25 sai ya ce ashirin da biyar, babban ya fara. Wanda ya yi makarantar Islamiyya kuwa ya san Balarabe da ƙaramin yake farawa: hamsa wa ishrun, biyar da ashirin. Lamba ɗaya ce, jerin ne ya bambanta. To haka kwamfutoci suke. Bayit guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255, don haka lambar da ta fi haka sai an raba ta gida biyu ko huɗu, kuma dole a yanke shawarar wanda za a fara rubutawa. Injinan Intel da ƙaramin suke farawa. Motorola 68000 da SPARC, waɗanda tsofaffin kwamfutocin ɗakunan hoto suka yi amfani da su sosai, da babban suke farawa. A takardun fasaha za ka ga ana kiran na farko Little Endian, na biyu Big Endian, sunayen da Danny Cohen ya raɗa musu a 1980. Mu a nan za mu ce ƙarami-gaba da babba-gaba.

Ga misali a fili. Wani fiksel, wato ɗigo ɗaya na hoto, a cikin tsoka darajarsa 1064, a heks 0428. Tsarin ƙarami-gaba zai rubuta shi 28 04. In ka karanta shi da idon babba-gaba, ka samu 2804, wato 10,244. Maƙwabcinsa darajarsa 1065, an rubuta shi 29 04, kai kuma ka karanto 10,500. Ka ga abin da ya faru? Tazarar 1 ta koma 256. Ɗan bambancin da ido ba ya ko gani tsakanin maƙwabta shi ya hau kujerar gaba, ainihin siffar jiki kuma aka tura ta baya. Yashin nan da na gani ke nan.

Kowane bayani a fayil ɗin yana da alama mai lambobi biyu, ta farko ita ce rukuninsa. Amsar tambayar tana cikin alama mai lamba (0002,0010), wadda dcmdump ke nunawa da suna TransferSyntaxUID. Mu kira ta ƙa'idar jeri. Ga waɗanda za ka fi haɗuwa da su:

1.2.840.10008.1.2 ƙarami-gaba ne, kuma ba a rubuta nau'in kowane bayani a gefensa, sai ka duba ƙamus ɗin alamomin DICOM.
1.2.840.10008.1.2.1 ƙarami-gaba ne, an rubuta nau'in a fili da haruffa biyu, kamar US ko OW.
1.2.840.10008.1.2.2 babba-gaba ne. An yi masa ritaya a 2006, amma ritayar takarda ba ta goge fayilolin da ke cikin rumbuna ba.
1.2.840.10008.1.2.1.99 kamar na biyu ne, sai dai an matse duk abin da ya biyo bayan rukuni na 0002, dole ka warware shi kafin komai.

Duk wanda ya fara da 1.2.840.10008.1.2.4, ko kuma 1.2.840.10008.1.2.5, hotonsa a matse yake. Shi ma yana da nasa matakin a gaba.

Tarkon da ya fi kama mutane: rukuni na 0002 kullum ƙarami-gaba ne, ko da sauran fayil ɗin babba-gaba ne. Da zarar ka fita daga rukunin, sai ka sauya ido.

Tsohon fayil ɗin nan da muka ajiye fa? Yawanci da rukuni na 0008 yake farawa. In bayit biyu na farko 08 00 ne, ƙarami-gaba ne. In 00 08 ne, babba-gaba. Sannan ka dubi bayit na biyar da na shida. In manyan haruffa ne masu ma'ana, irin su UL ko CS, to an rubuta nau'i a fili. A nan kaɗai na yarda ka yi kintace, don babu wanda za ka tambaya.

Mataki na 3: Ka yi lissafi kafin ka taɓa hoton

Rukuni na 0028 shi ke ba da kamannin hoton. Ka kwafo waɗannan a takarda: yawan layuka (0028,0010), yawan ginshiƙai (0028,0011), yawan launuka a kowane fiksel (0028,0002), yawan firam, wato hotunan da ke jere a fayil ɗaya, in akwai (0028,0008), da yawan bit da aka ware wa kowane fiksel (0028,0100). Bit takwas ne ke yin bayit ɗaya.

Ga yadda layuka 512 ke bayyana a ɗanye: 28 00 10 00 55 53 02 00 00 02. Huɗun farko alama ce, 55 53 haruffan US ne, 02 00 tsawo ne, 00 02 kuma ita ce 512. In manhajarka ta ce maka layuka 2 ne, ba sai ka je wurin boka ba, jerinka ne a juye.

Yanzu ka ninka. Yankan CT na yau da kullum: 512 sau 512 sau launi 1 sau bayit 2, ya ba da 524,288. Ka riƙe wannan lambar, ita ce ma'auninka.

Mataki na 4: Nemo bakin hoton

Alamar bayanan fiksel ita ce (7FE0,0010). A ƙarami-gaba za ka gan ta E0 7F 10 00, a babba-gaba 7F E0 00 10. In an rubuta nau'i a fili, bayanta akwai 4F 57, wato OW, sai 00 00 na cike gurbi, sai tsawo a bayit huɗu: 00 00 08 00, wanda shi ne 524,288 ɗinmu. Jimlar kan ke nan bayit 12. In ba a rubuta nau'i ba, alama ce da tsawo kawai, bayit 8.

Ka rikita 8 da 12, hoton zai goce da fiksel biyu, abin da ba lallai ka lura ba sai ranar da ka zo aune-aune. Ka goce da bayit ɗaya kuwa, sai ka ga yashi sak irin na juyin jeri, domin ka aurar da rabin wannan fiksel da rabin na kusa da shi. Don haka ba kowane yashi ba ne laifin jeri.

Kada ka ce za ka yi wayo ka binciko E0 7F 10 00 na farko da ka gani ka kama. Wasu fayilolin suna ɗauke da ɗan ƙaramin hoton leƙe a cikin (0088,0200), kuma shi ma da wannan alamar yake. Ka bi bayanan ɗaya bayan ɗaya, kana tsallake kowanne da tsawonsa, ko ka bar pydicom, manhajar Python mai karanta DICOM, ya kai ka.

In tsawon da ka gani ya yi daidai da lissafinka, madalla. In ya ɗara da ɗaya, ciko ne: DICOM ba ya yarda da tsawo mara, sai an ƙara 00 ya zama cika. In ka ga FF FF FF FF, tsallaka zuwa mataki na 8.

Fiksel suna jere ne daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa:

danye = np.frombuffer(bayit, dtype='<u2', count=512*512, offset=wuri)
hoto = danye.reshape(layuka, ginshikai)

Alamar < tana nufin ƙarami-gaba, > kuma babba-gaba. Ka rubuta ta da hannunka kullum, kada ka bar wa kwamfuta zaɓi.

Mataki na 5: Gida mai ɗaki 16, masu haya 12

Ba duk bit ɗin da aka ware ne ke ɗauke da hoto ba. (0028,0100) ya ce an gina ɗaki 16. (0028,0101) ya ce 12 ne ke da mutane a ciki. (0028,0102) ya faɗi lambar ɗakin ƙarshe da ke da mutum, wato 11, tunda daga sifili ake ƙirge. Ragowar huɗun fa? Ba ka da tabbacin fanko ne. A da can har an yarda a ɓoye zanen da ake ɗorawa kan hoto, kamar kibiya ko rubutu, a cikinsu. An daina, amma tsofaffin fayiloli suna nan. Fiksel ɗinmu na 0428, in aka kunna masa bit na sama, ya koma 8428, wato 33,832, sai ka ga ɗigo fari fat a tsakiyar tsoka. Maganinsa ka rufe ɗakunan da ba naka ba: danye & 0x0FFF.

Mataki na 6: Akwai lambobin ƙasa da sifili?

(0028,0103) ne zai faɗa. In 0 ne, babu. In 1 ne, akwai, kuma bit na sama shi ne shaidar. Darajar -1000 a bit 16 ana rubuta ta FC18, a fayil 18 FC. Ka karanta ta a matsayin wadda ba ta da alama, ka samu 64,536, iskar da ya kamata ta yi baƙi ƙirin ta fi ƙashi haske. In bit 16 ɗin duka a cike suke, '<i2' ya wadatar.

Inda ake zamewa shi ne in an haɗa biyun: bit 12, kuma da alama. A nan shaidar tana ɗaki na 11, ba na 15 ba. Bayan ka rufe ɗakunan sama, 0FFB zai ba ka 4091, alhali -5 ake nufi. Gyaran mai sauƙi ne: ka mayar da jerin zuwa int32, duk abin da ya kai 2048 ko ya wuce, ka cire masa 4096.

Mataki na 7: Ka sa iska da ruwa su yi maka shaida

Lambar da ka samu har yanzu ɗanya ce. A CT sai ka ninka ta da (0028,1053), ka tara da (0028,1052). Sau da yawa na farkon 1 ne, na biyun -1024. Lura, waɗannan biyun da haruffa aka rubuta su, kamar yadda kake rubuta lamba a takarda, don haka jerin bayit bai shafe su ba. 1064 ɗinmu ya zama 40 a ma'aunin Hounsfield, sunan injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield da ya raba kyautar Nobel ta 1979 da Allan Cormack. A wannan ma'aunin ruwa 0 ne, iska -1000.

Wannan ita ce shaidar da na fi yarda da ita, fiye da kallon hoto. Ido yana yafiya, lamba ba ta yi. Ka ɗauki ɗan fili a wajen jikin mara lafiya, ka fitar da matsakaici. In ya zo kusa da -1000, duk matakan baya sun zauna. In a kusurwoyin hoton ka ga irin su -2000 ko -3024, kada hankalinka ya tashi: ciko ne na wajen da'irar da na'ura ta ɗauka, kuma (0028,0120) kan faɗi darajarsa.

Sai (0028,0004). MONOCHROME2 na nufin ƙaramar lamba baƙi ce. MONOCHROME1 akasin haka ne, kuma ana yawan samunsa a hotunan eksire. In ƙashi ya fito maka baƙi, nan za ka fara dubawa.

Kafin mu wuce, akwai hotunan da ba su da bit 16. Na duban ciki mai launi, misali, bayit ɗaya ne ga kowane launi, kuma (0028,0006) ne ke faɗin yadda aka kasa su. In 0 ne, kamar mai kayan miya ne da ya kasa kashi-kashi, kowane kashi da tumatir da tattasai da albasa: ja, kore, shuɗi, ja, kore, shuɗi. In 1 ne, kowane kaya da kwandonsa: ja duka, sannan kore duka, sannan shuɗi. Ka rikita su, hoto ya fito maka gida tara ƙanana. Akwai kuma YBR_FULL_422, inda fiksel biyu ke tarayya a bayanin launi guda, tsawon ya zama kashi biyu cikin uku na lissafinka.

Za ka ce bayit ɗaya ai ba shi da gaba ba shi da baya. Haka ne in nau'in OB ne, wato mai ɗaukar bayit ɗai-ɗai. Amma in OW aka rubuta a fayil babba-gaba, ana ɗaukar bayanan bibbiyu ne a matsayin kalma guda, don haka fiksel na farko da na biyu sun yi musayar wuri, na uku da na huɗu ma haka. Gefen komai sai ya yi kamar haƙoran zarto. Hotuna masu bit 1, irin na shata iyakar ƙari, su kuma fiksel takwas ake cusawa a bayit guda, na farko a bit mafi ƙanƙanta. A NumPy sai ka ba unpackbits umarnin bitorder='little'. Kuma ba a ciko tsakanin firam da firam, sabon firam yana iya farawa a tsakiyar bayit.

Mataki na 8: In hoton a ƙunshe yake

Tsawon FF FF FF FF na nufin ba a faɗi tsawo ba, hoton yana cikin ƙunshi-ƙunshi. Kowane ƙunshi yana farawa da FE FF 00 E0, sai tsawonsa a bayit huɗu. Na farkon ba hoto ba ne, jadawali ne na inda kowane firam ya fara, kuma an yarda ya zo fanko. Ƙarshen duka shi ne FE FF DD E0 da sifili huɗu. Firam ɗaya yana iya bazuwa a ƙunshi da yawa, sai ka haɗa su.

Marufin kullum ƙarami-gaba ne, amma abin da ke ciki dokar gidansu yake bi. JPEG yana buɗewa da FF D8, JPEG 2000 da FF 4F, kuma lambobin cikinsu babba-gaba ne. Kada ka juya ko bayit ɗaya, ka miƙa wa mai warwarewa yadda ka same shi.

Salon matsin da ya fi ba ni dariya shi ne RLE, mai lamba 1.2.840.10008.1.2.5. Kansa bayit 64 ne, lambobi 16 a ƙarami-gaba: ta farko yawan sassa, sauran 15 inda kowane sashe ya fara. Amma sassan kansu babba ne a gaba. A hoton bit 16, sashe na farko ya tattara manyan bayit na dukkan fiksel, na biyu ƙananan. Fiksel ɗinmu, 04 yana sashe na farko, 28 yana na biyu. Ka ninka na farko da 256, ka tara da na biyu. Wanda ya ce ai fayil ɗin ƙarami-gaba ne ya haɗa su a juye, yashi ya sake dawo masa.

Shawarata, in ba koyo kake yi ba, kada ka rubuta mai warwarewa da kanka. dcmdjpeg da dcmdrle na cikin DCMTK suna nan, manhajar GDCM ma haka.

Mataki na 9: In kai ne za ka rubuta fayil

Sauya lambar da ke (0002,0010) ba ya juya komai, kamar sauya wa buhun gero tambari ne ka ce ya zama masara. Dole kowace alama, kowane tsawo, kowace lamba mai nau'in US ko UL ko FL, da kalmomin OW, duk a juya su, a bar rubutu da OB yadda suke. Umarnin dcmconv +te yana yin wannan, ya fitar maka da ƙarami-gaba mai nau'i a fili, wanda shi ne zaɓin da na fi so ga duk sabon fayil. In ka warware hoto matsattse, ka sake duba (0028,0004) da (0028,0006), domin JPEG mai launi da ya shiga a YBR yakan fito a RGB.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sukan mayar da hotunansu zuwa wani tsarin fayil mai suna NIfTI, kuma shi ba shi da wata alama ta ƙa'idar jeri. Dabararsa ita ce bayit huɗun farko: a NIfTI-1 dole su ba da 348, girman kan fayil. In ka karanto 1,543,569,408, sai ka juya komai.

Bayan kowace juyawa, ka buɗe tsohon fayil da sabon, ka cire wannan jeri daga wancan. In ba matsi mai zubar da bayani ka yi ba, ko'ina sifili ya kamata ka gani. Sannan ka koma ɗan filin nan na wajen jiki, ka sake auna iskar.